Wasan mota a Tawa: an yanke salansa, an mance da birki

Na san maganar da za ni yi yau ba za ta yi ma wasu daɗi ba, samari da dattawa duka. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kana ku zage ni.

Bayan ƙaramar salla anka yi wani biki nan wajenmu, ƙasar Kalfu. Daga Tawa anka kawo amarya, motoci sun kai takwas, moto kuwa ba a magana. Da sunka iso bakin gari sai wani yaro, wanda bai daɗe da komowa daga wajen zinariya ba, ya ware da Corolla tashi ya shiga dandali. Kun dai san abin. A taka totur, a ja birkin hannu, mota ta juya, ƙura ta tashi, mata na guɗa, yara na bin ta da gudu, kowa ya ɗaga salula shina ɗauka. Ya yi kewaye ya kai goma. Da yaz zo tsayawa yat taka birki, ƙafa ta tahi har ƙasa, ba komi. Allah ya sa katangar wani gida ta tare shi, amma kahin katangar akwai wata yarinya 'yar talla da farantin gyaɗa bisa kai. Ƙashin cinya ya karye. A daren anka ɗauke ta zuwa likita Tawa.

Abin da na ji bakin kowa washegari kalma guda ce: ƙaddara. Ban musa ba. Amma ni shekara ashirin da wani abu na yi cikin garaji, tsakanin Tawa da Abijan, kahin baya ya hana ni kwanciya ƙarƙashin mota. Don haka da safe na tahi inda motar take, na roƙi a buɗe mani gaba. Man birkin da ke cikin ɗan gwangwanin nan baƙi ƙirin, kamar shayin da anka mance bisa gawayi. Na duƙa na duba taya. An buga ta shekarar 2011. Na tambayi yaron yaushe rabon da a canza man birki. Yac ce mani: “Baba, ai ba shi ƙarewa, in ya ragu ƙarawa a ka yi.” Na ce to mi da mi kay yi ma motar tun da kas saye ta? Nan fa baki ya buɗe. An yanke salansa don ta yi ruri. An sa hitilu masu shuɗi ƙarƙashi. An baƙanta gilashi. An sa sifika biyu cikin but. An liƙa sunanshi da na masoyiya a baya. Da munka lissafa, kuɗin sun haura jikka ɗari da hamsin. Man birki sabo da aikin canza shi ba su kai jikka goma ba.

Wanga shi ne abin da samarinmu ke kira “na shirya mota”. Ni kuwa na ce ba shiri ba ne, kwalliya ce. Kun yi ma doki ado da sirdi mai tsada kun bar shi ba linzami.

Bari in gaya muku yadda masu abin ke yi, tunda wajensu kunka gano shi cikin salula. A Turai da Amurka da Afirka ta Kudu akwai hilayen tsere da ake buɗe ma talakan direba ranaku na musamman. Mutum shi zo da motar da yake zuwa aiki da ita, shi biya, shi shiga shi gwada hannunshi. A Jamus akwai hilin Nürburgring da anka buɗe 1927, kewayenshi ya hi kilomita 20, har yau akwai ranakun da kowa ke iya sayen tikiti shi shiga da motar gida. To amma wurin da anka shirya ma sababbin shiga, abin da ake fara yi ba gudu ba ne. Dubawa ce. A tsai da motarka, a bi ta ɗaya bayan ɗaya, in ta faɗi ka koma gida da kuɗin manka. Kuma ba mai tambayarka ƙarfin inji. Duk malamin tuƙi na ƙwarai abin da zai gaya ma sabon shiga shi ne kar ka taɓa injin, bar shi yadda kamfani ya yi shi, kai kuɗinka wajen abin da ke tsai da mota da abin da ke riƙe ta ga ƙasa.

Man birki dai shi ne farko, kuma nan za ni daɗe don shi ne ya karya ɗiyar mutane. Man nan shina shan danshin iska sannu sannu, ko mota na tafe ko tana ajiye. Wanda aka rubuta ma DOT 4, in sabo ne, ba shi tafasa sai zafi ya kai digiri 230. In ya sha ruwa ya tsufa, digiri 155 ya ishe shi. DOT 3 kuma daga 205 shi komo 140. Tuƙin yau da kullum, daga kasuwa zuwa gida, ba shi kai birki ga wanga zafi, shi ya sa mutum ke shekara biyar da ruɓaɓɓen mai bai sani ba. Amma ran da ka shiga taka totur da birki, totur da birki, ba hutu, ƙarfen ya ɗau wuta, zafin ya bi ya kai ga man, ruwan da ke ciki ya tafasa ya zama tururi. Mai ba shi matsuwa, tururi kuwa shina matsuwa. Sai ka taka, ƙafarka ta matse iska, taya ba ta san kana yi ba. In motar ta huce bayan rabin awa birkin ya komo kamar ba abin da ya faru, sai a ce aljanu ne ko baki ne. Ba aljani ko ɗaya. Masu ƙera motoci yawancinsu cewa sunka yi a zubar da man a sa sabo duk shekara biyu. Mu nan sai dai ƙari, kuma na ga da idona inda anka ƙara da ruwan sabulu cikin daji, anka iso gari anka mance da shi a ciki.

Takalman birki, waɗanda yaran garaji ke ce ma plaket, a cire taya a duba su da ido, na ciki da na waje, don sau da yawa na ciki ke riga cinyewa. In sun wuce rabi ba a shiga wasa da su. A bi robobin da man ke bi a ga ba tsagewa, ba jiƙewa.

Sai taya. Mu yi ma kanmu gaskiya, tayun da muke saye kusan duka wasu sunka gama da su can ƙetare anka loda muna. Kowace taya tana da ranar haihuwa a jikinta: ku nemi inda anka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara. In kun ga 2311, mako na 23 ne na shekarar 2011. Kamfanonin taya da kansu suna cewa in ta shekara goma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, don robar ta bushe. A Turai doka ba ta yarda zanen ya gaza milimita 1.6 ba, kuma a dalilin haka ne ma ake cire su a aiko muna. Yanzu ku haɗa busasshiyar roba da kwaltar Tawa ta watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 cikin inuwa, ku ƙara da mutum na jan ta a karkace. Taya mai ƙulu a gefe, ko mai faci a gefe, ba ta wasa ba ce, ba ta ma tahiya Ƙonni ba ce. Iska kuma a auna ta da ma'auni tun da safe taya na sanyi, adadin na rubuce jikin ƙofar direba. Bugun taya da ƙafa ba awo ba ne. Notin taya a tabbata duka suna nan kuma a ɗaure suke. Mota nawa ke yawo garin nan da noti ukku maimakon huɗu ko biyar? Ku duƙa ku ƙirga gobe a tasha.

Sauran ba su da wuya. Lagireto ba ya yoyo, fanka na tashi, ruwan da ke ciki ba na rijiya ba ne mai barin tsatsa. Man inji na kan ma'auni. Batir a ɗaure da ƙarfe, ba da igiyar roba ko dutse a tokare ba, don in ya zame ya taɓa ƙarfen mota gobara ce. Ƙafafun gaba a ɗaga a girgiza a ji ba lakakkiya. Kuma a kwashe komi daga cikin motar: jak, sifana, buta, kwalbar ruwa, har tabarmar ƙasa ta wajen direba. Kwalba guda in ta gangara ƙarƙashin birki ta gama da kai. Bidon ɗin isanshi da wasu ke ajewa a but kuwa, wannan ban ma san mi za ni ce ba.

Ɗamarar kujera, santir. Tun 1959 wani injiniya na kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya hiddo irin wadda muke da ita yanzu, kamfanin ya bar kowa shi kwaikwaya kyauta saboda rayukan da take ceta. Mu kuma dabarar da munka ƙirƙiro ita ce a zagaya da ita bayan kujera a maƙale don motar ta bar kuka. Hular kwano kuma, wadda a hilin tsere ko cikin mota kake sai ka sa ta, nan ɗan kabu-kabu ma in ya sa ta abokai dariya su kai mai. Wanda ke wasa a dandali da mutum shidda cikin mota, biyu zaune bisa taga rabin jiki waje, wai shi ne gwani.

Gwani. Bari mu taɓa wagga kalma kaɗan. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa guda. Kahin idonka shi gaya ma ƙafarka yaro ya hito, ka ci wannan. Bayan ka taka, bisa kwalta mai kyau da taya mai kyau, kana buƙatar kamar mita 20 kuma. In ka ninka gudun zuwa 120, nisan tsayawar ba ninki biyu yake ba, ninki huɗu ne, wajen mita 80. Bisa jan tsakuwa ko rairayi abin ya hi haka. Wanga lissafi bai san ɗan wane ba, bai san ka yi tuƙi Jado ko Sabha ba. A wuraren da na faɗa muku, sabon shiga malami ke zama kusa da shi. Ba shi wuce na gabanshi sai an ba shi hannu. An ɗaga tuta rawaya shi rage, an ɗaga ja shi tsaya. In ya gama sai ya yi kewaye guda sannu don birki shi huce, kuma ba shi jan birkin hannu bisa ƙarfe mai zafi. Mutanen da sunka ƙera motar ke nan, suna jin tsoronta. Mu da munka saye ta bayan ta shekara ashirin mu ne ba mu tsoro.

To samari, na gama da ku na ɗan lokaci. Dattawa, ku matso.

Duk lokacin da irin wanga abu ya faru, abin da muke yi guda ne. A taru ƙofar mai gari, a yi Allah wadai, a ce daga yau an hana. Liman shi yi huɗuba. Jandarma su kama mota biyu. Wata guda shiru. Biki na gaba, ɗan wani mai hali ne ke aure, ba mai iya buɗa baki, a koma gidan jiya. Shekara nawa muna haka? In hani kaɗai na magani da tuni an warke. Kuma mu bar yin kamar daga sama yaran nan sunka faɗo. Wa ke miƙa musu makulli? Wa ke cewa bikin wane bai yi armashi ba tunda ba a tada ƙura ba? Uwar da ke guɗa lokacin da ɗanta ke juya mota tsakiyar yara, da mu da muke tsaye muna ɗauka da salula muna turawa, duk muna cikin alhakin. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Kuma wa ya fara nuna ma garin nan cewa gudu da mota abin burgewa ne? Waɗanda sunka kai shekaruna sun tuna Paris-Dakar. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata cikin sahara da moto a 1977, da ya tsira ya ƙirƙiro tseren, anka tashi na farko daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978. A shekarun 1980 ayarin ya sha ratsa Agadas da Tawa zuwa Yamai. Mu ne yaran da ke gudu bakin hanya muna ɗaga hannu, muna roƙon hula da biro. Manyanmu na lokacin tarbarsu sunka yi. Ba wanda ya ce haramun ne don Nasara ke tuƙi. Shi Sabine ya mutu cikin hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, tseren kuma ya bar Afirka bayan an soke na 2008, ya koma Amurka ta Kudu, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin shi. Abu biyu nike so mu tuna game da shi. Na ɗaya, ba motar da ke tashi sai an bi ta da bincike, an ga ƙarfen kariya cikinta, da ɗamara, da hular kwano, da abin kashe wuta. Na biyu, duk da wanga shiri, da yake ta cikin garuruwan mutane yake bi, ya kashe 'yan kallo, har da yara a Mali da Gine da Senegal. Ƙwararru ke nan, da motocin miliyoyi. In su ba su iya gudu cikin jama'a ba tare da sun taka ɗiyan mutane ba, ƙaƙa ɗanmu da Corolla mai ruɓaɓɓen man birki zai iya?

Shi ya sa na ce shirin mota rabin magana ne. Ɗayan rabin hili ne. Ko motar ta hi kowace lahiya, dandalin gari da ƙofar gidan biki da hanyar Tawa zuwa Abalak ba wurin wasa ba ne. Turawa ma da jini sunka koyi haka: a Le Mans ta Faransa, 1955, mota guda ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum sama da 80 sunka mutu. Daga irin waɗannan ne anka koyi nisanta jama'a da sa shinge.

Abin da nike nema ga hukumomin Tawa da na Kalfu da sarakunanmu shi ne a ba yaran nan hili. Na san wani ya riga ya ce tsohon nan ya rikice. Ku saurara. A Amurka bayan yaƙin duniya na biyu samarin Kaliforniya haka sunka addabi tituna da tsere cikin dare, ana mutuwa. Wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a ɗauke su daga titi a kai su wuri killatacce, da doka, da duba mota. 'Yan sandan garin Pomona da kansu sunka taimaka anka samu wuri. A Afirka ta Kudu, juyin mota irin wanda yaranmu ke kwaikwayo ya taso ne unguwannin baƙar fata kamar Soweto, da BMW, an daɗe ana kallon shi aikin 'yan daba. Yau wasa ne da hukuma ta sani, ana yin shi cikin shinge, mutane na biyan kuɗin shiga.

Mi ya kai mu nesa ma? Kokowa fa? In da cikin lungu ake yin ta ba alƙali, da kullum sai an kai wani likita an kai wani kaso. Amma anka yi mata hili, anka sa alƙalai da doka, a nan Tawa anka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, yau takobi abin alfaharin Nijar duka ne. Sukuwa ma ba a yin ta cikin kasuwa. Mun san yadda ake ɗaukar ƙarfin samartaka a yi mashi iyaka. Ga mota da moto ne kawai munka tsaya ga zagi.

Kuma ba kwalta nike roƙo ba, ba miliyoyi ba. Allah ya hore ma Ader fako, shimfiɗaɗɗe mai tauri wanda ko ƙaya ba ta so. A zaɓi guda nesa da gari, wanda ba gonar kowa ba, ba burtali ba, ba inda anka yi aikin raya ƙasa anka dasa itace ba. A share duwatsu. A jera tsofaffin tayu, ga su nan jibge bakin kowane mai faci, a yi hanya mai lanƙwasa da su. Mota guda ke shiga a lokaci guda, ita da agogo, ba ita da wata ba. In an matse lanƙwasar da kyau ba mai wuce giya ta biyu, nan ne kuma ake gane mai hannu da mai hayaniya. 'Yan kallo gehe guda, nesa, bayan tudun ƙasa ko rami, ba wajen da mota ke zamewa in ta ƙwace ba. Yara ƙanana ba su ƙetare igiya. Kahin a fara, tsofaffin makanikai biyu ko ukku su duba kowace mota bisa abubuwan da na lissafa, wadda ta faɗi ta koma. Ba parmi, ba shiga. Ba ɗamara da hular kwano, ba shiga. Wanda idonshi ya nuna ya sha wani abu, kun san ƙwayoyin da nike nuhi, ba shiga. Ba a farawa sai da ma'aikacin lahiya da motar ɗaukar majinyaci da abin kashe wuta a wurin. Kuɗin shiga su biya waɗannan. Sau guda a wata ya isa.

Sannan, kuma wanga shi ne ƙashin bayan abin, ran da hili ya samu, wanda duk ya juya mota cikin gari a kama motar, ko ɗan wa ne, a riƙe parmi, mai bikin ma a ci shi tara. Yanzu in ka hana yaro sai shi ce to ina za ni yi? Ran nan ba shi da ta cewa.

Na san abin da za a ce. Za a ce almubazzaranci ne, ana yunwa ana ƙona isanshi da taya. Gaskiya ne, ni ma da za a bi tawa da kuɗin nan awaki anka saye. Amma yanzu ma ana ƙona su, sai dai bisa ƙafafun ɗiyanmu. Za a ce in an ba su hili an ɗaure musu gindi, wanda bai da niyya ma zai shiga. Wataƙila. Amma wanda ya shiga sai ya canza man birki, sai ya sayi taya ta ƙwarai, sai ya sa ɗamara, kuma da wannan motar ce zai ɗauki uwarshi zuwa kasuwa ran Lahadi. Yaron da ya taɓa jin yadda mota ke ƙwacewa a gudun 50 cikin hili, inda ba abin da zai buga sai tsohuwar taya, ba ya koma taka 130 hanyar Ƙonni da ido rufe. Za a ce halin tsaro bai bari a tara jama'a bayan gari. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba, kuma hukuma ce ke da ta cewa kan wuri da lokaci. Sai dai ana kokowa, ana cin kasuwanni, ana bukukuwa. In an so a samu wuri kusa da idon jami'ai, ana samu.

Masu cewa ƙaddara kuma, malamanmu kullum suna tuna muna a ɗaure raƙumi kana a yi tawakkali. Hukumar lahiya ta duniya ta ce hatsarin hanya na kashe mutum wajen miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, Afirka kuma ita ta hi kowa yawan mutuwa in an gwada da yawan jama'a, alhali mu ne masu ƙarancin motoci. Ajali bai hi son baƙar fata ba. Birkinmu ne da tayunmu da halinmu. Muna da hukumar kiyaye haɗurran hanya, ANISER, muna da binciken lahiyar mota da doka ta ce a yi. Kowa ya san yadda wasu ke samun takardar alhali motar ba ta ko je wurin ba. Wanda ya saye takarda ya yaudari jandarma, bai yaudari katanga ba.

'Yan uwana makanikai, ku ma ban ƙyale ku ba. Yaro ya zo ya ce a yanke salansa, kun yanke kun amshi kuɗi, ba wanda ya ce bari in leƙa man birkinka. Minti guda ne. In mun ƙi taɓa salansa sai an gyara birki, rabin aikin ya ƙare tun ba a je gaban mai gari ba. Ku kuma 'yan cirani da ke aiko ma ƙannenku kuɗin mota daga Abijan da Libiya da Aljeriya, in kun kira ku bar tambayar ko tana gudu. Ku ce a ɗauko muku hoton lambar taya.

Yarinyar ta komo gida. An sa mata ƙarfe, tana takawa da sanda, uwarta ta ce tallan ya ƙare. Iyayen yaron sun biya kuɗin magani, an yi sulhu gaban manya, an ce a bar ma Allah. Motar kuma makon jiya na gan ta bakin tasha a Tawa, an buga gaban an yi fenti, an ƙara wata hitila bisa rufi. Na tsai da yaron na ce shi buɗe mani. Man birkin nan dai ne baƙi, an ƙara sabo kaɗan bisa kai.